Ƙusa a Fayif ɗin Birki

Ƙofar Mazugal, Kano.

Zuwa ga Yaya Saminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Firdausi da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta lafa, har bakin zaure take takowa da kanta. Ni ma ina gida wajenta, maigidana ya ba ni izini tun bayan abin da ya faru. Za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. To, maganar ba ta faɗuwa a waya. Inna kullum tana gefe, kai kuma na san halinka, mutum bai kai tsakiyar zance ba ka ce Allah Ya kyauta ka kashe. Wannan karon sai ka daure ka karanta har ƙarshe, domin maganar ran ƙanenmu Zaharaddini ce, da motar da ka bar masa.

An gaya maka hatsari aka yi, ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma ba a gaya maka duka ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun tsakiyar damina birkin motar ya fara laushi. Ka san inda yake ajiye ta, bakin lungunmu, inda ruwan kwata ke kwanciya har ya kusa taɓa cikinta. In ya taka sai ƙafarsa ta tafi ƙasa kamar ya taka taɓo, sai ya yi ta famfo kafin ta kama. Ya kai wa Ɗantani, bakaniken nan na bayan ganuwa. Da farko aka ce iska ce, aka fitar da ita, ba a jima ba laushin ya dawo. Aka canja fad ɗin da ke damƙe ƙafa, aka duba masta, wato abin da ke tura man birki, aka ga lafiyarsa ƙalau. Man birki kuwa kullum raguwa yake, a cika da safe, kafin yamma ya sauka. Ranar Juma'a ya ɗauko ni daga gidana muka biya garejin, don haka abin da zan faɗa maka ba labari aka ba ni ba. Ɗantani ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya sa Zaharaddini ya taka birkin ya riƙe, sai ga mai yana tsartuwa daga siririn fayif ɗin ƙarfen da ke kai mai ƙafar baya. Tsatsa ta cinye shi. Masu sayar da kayan gyara duk sun rufe sun tafi masallaci, sai Ɗantani ya yanke fayif ɗin, ya cusa ƙusa a bakinsa, ya daddake da guduma don man ya daina zuba. Ya ce yanzu ƙafa uku ce ke da birki, a lallaɓa a kai ta gida a ajiye, kada a ɗora mata ko buhun gawayi, washegari a dawo da ita ya canja fayif ɗin duka, don sauran ma bai yarda da su ba. Har ya juyo ya ce in zama shaida.

Washegari da asuba mahaifiyar Malam Lawal tela, maƙwabcinmu, ta rasu. Aka yi sallar jana'iza, aka sa gawa a motar masallaci, saura masu rakiya zuwa maƙabarta. Malam Lawal da kansa ya tako ƙofar gidanmu ya ce Zaharaddini ya taimaka da mota. Yaya, ka san gidan da muka tashi. Marigayi Baba bai taɓa hana maƙwabci tabarma ko tsani ba, kuma ya raine mu a kan cewa abin da aka roƙa ranar mutuwa ba a buɗe baki a kawo dalili. Zaharaddini ya ce mini maganar ta zo masa har leɓe, sai ya ga idon mutumin jajur, ya ga dattawan unguwa a tsaye, ya tuna za a ce ɗan gidan Malam Jibril ya hana mota ranar gawa. Sai kawai ya shiga ya ɗauko makulli. Haba! Da ya ce birki ba lafiya, wa zai cinye shi? A-daidaita-sahu ta ƙare ne a Kano? Aka cika motar maƙil da manyan maza, Malam Lawal a gaba.

Wajen Ƙofar Na'isa wata babbar mota ta tsaya a gabansu ba zato. Ya taka da ƙarfi, wani fayif ɗin ya fashe, ƙafa ɗaya ta gaba ce kaɗai ta kama, motar ta murɗe ta daki bayan babbar motar ta gefen da Malam Lawal yake. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An binne uwar da hantsi, an binne ɗanta Malam Lawal bayan la'asar. Sauran sun ji raunuka, shi kuma namu ya samu karaya a hannu da haƙarƙari.

Dangin mamacin sun ce sun yafe tun kafin a nemi yafiyar, Allah Ya saka musu. Ba wanda ya tambayi abin da ya sami birkin. Hannun Zaharaddini ya haɗe, amma wallahi in ka gan shi sai ka yi kuka. Yaron nan da ke cika gida da tsokana yanzu wuni yake a ɗaki, ko gaisuwa sai an ja ta daga bakinsa. Nana Hauwa, matar marigayin, tana cikin takaba amma ba ta fasa aiko masa da kunun gyaɗa ba, da saƙon cewa kada ya sa wa ransa damuwa, alheri ya je yi. Ba ta san komai game da ƙusar ba. Shi kuma sai ya zauna ya zuba wa kwanon ido har ya huce.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Kawu Musa, ƙanen Baba, shi ya karɓi maganar gyara tunda shi ne babba. An buge jikin motar, an yi fenti, tana ta sheƙi, mutane na cewa barka. Ɗantani ya ce shi ba zai sa hannu a birkin ba sai in duka za a canja, sai Kawu ya ji haushi ya kai wa wani. Fayif ɗin da ya fashe, guntun tiyo aka haɗa shi da shi aka ɗaure da waya. Ƙusar kuwa tana nan inda take. Na je da ƙafata na tambayi Ɗantani, ya ce tiyo ba ya jure ƙarfin man birki, a cikin lungu zai yi kamar ya kama, ranar da aka taka da gaske zai tsinke. Na sami Kawu na durƙusa na faɗa masa. Ya ce mace me ta sani a mota, shi da ya tsufa a hanyar Legas da birkin da ake zuba wa ruwan sabulu, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado sai ya tafi. Na ce haka ne, amma ai an ce mutum ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ya ce na yi masa rashin kunya. To, na yi, kuma ban ba da haƙuri ba har yau.

Jiya Nana Hauwa ta aiko. Ta ce kakannin yaran a Gezawa suna son ganin marayun, ita ba halin fita, tunda mota ta gyaru ko Zaharaddini zai kai su ranar Lahadi. Ina tsaye aka faɗa masa. Na zuba masa ido, na ce yau dai zai buɗe baki. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Yara uku, Yaya, ƙaramar ko wayo ba ta yi ba. Na bi shi ɗaki na yi masa faɗa har muryata ta dishe, abin da ya ce kawai shi ne da wane baki zai ce wa matar nan a'a. Na ga alama ma ko a jikinsa in shi abin ya rutsa da shi, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Motar taka ce, kai kaɗai Kawu zai saurara. Don girman Allah, da ka gama karantawa ka kira shi ka ce kada ta motsa sai Ɗantani ya canja fayif daga gaba har baya. Sannan ka kira Zaharaddini, ba faɗa za ka yi masa ba, na riga na yi ya ishe shi. Ɗanjuma direba zai tashi zuwa Fatakwal yau, ya ce gobe takardar na hannunka, don haka kana da lokaci kafin Lahadi. Na zare makullin daga aljihun Zaharaddini, Kawu ya aiko a karɓa na ƙi. Amma na san kaina, ni ma a gidan nan aka raine ni. In Kawu ya zo da kansa ya tsaya a kaina, ko Nana Hauwa ta aiko tana tambayar ko lafiya, hannuna zai miƙa kafin bakina ya ce uffan. Shi ya sa na jefa shi cikin ambulan ɗin nan. Nauyin da ka ji, shi ne.

Ka gaishe mini da Anti Firdausi, da Mubarak da 'yar autarku Maimuna. Inna tana gaishe ku tana sa albarka, ƙanwarmu Sumayya da mijinta ma haka. Nana Hauwa ta ji zan aika takarda, ta ce lallai in gaishe ka, in ce Allah Ya saka maka da alheri da ka bar wa unguwa mota.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Asibi.