Wa Zai Duba Mini Tafin Ƙafa

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau a Jibin Ubangiji aka miƙo mini ƙoƙo daban. Wani ɗan kofin roba, shuɗi. Ni Auta, da na shekara hamsin ina shan ƙoƙo ɗaya da ikilisiyar nan. Ban sha ba. Na ajiye shi a kan benci na fito.

Fasto Mainasara ya biyo ni har gindin darbejiya. Wai ba shi ba ne, mutane ne suka yi magana, wai ƙafata tana wari. "Baba, a daure a je a duba ta." Na ce masa ranar da muka aza harsashin ɗakin sujadar nan ubanka ko aure bai yi ba.

Robar da nake ɗaure biro da ita a hannu sai zamewa take. Ban taɓa shiga aji ba, a asibitin kutare na koyi baƙi don in karanta Maganar Allah. Amma sai na rubuta wannan, ko da yatsu biyu da rabi ne.

Talata, 8 ga Oktoba

Na ciro katina na asibitin kutare daga akwati. 1974. An sallame ni, na warke, ga hatimi. A gaban jama'a aka karanta, mu goma sha huɗu. Tsohon fasto ya miƙo mini ƙoƙo na sha, ya karɓa ya sa bakinsa daidai inda nawa ya taɓa. Yesu ya warkar da ni. Wanda Yesu ya warkar ba ya komawa layin asibiti. In na koma me zan ce wa masu cewa kuturta ba ta sakin mutum? In ce sun yi gaskiya?

Ƙafar ba ta ciwo. Ko kaɗan.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Murjanatu, 'yar maƙwabcina Malam Hussaini, wadda ke aiki a asibiti a Sandamu, ta kawo mini fura. Ta tsaya tana kallon ƙasa. "Baba Auta, safarka a jiƙe take, kuma ba ruwa ba ne." Na ce fura aka aiko ki da ita ko bincike? Ta ce ba kuturta ce ta dawo ba, wani abu na taka ban ji ba, in ya kai ƙashi yankewa ake yi. Yarinyar da na ɗora a wuya na kai ta kallon rijiyar Kusugu, yau ita ke tsorata ni.

Na ce ta bar mini gida. Furar kam na sha, ba ita ta yi mini laifi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban je ba. Su sha abinsu.

Talata, 15 ga Oktoba

Kaluluwa ta fito, zazzaɓi tun hantsi. Na shafa mai na yi addu'a. Na faɗa wa Ubangiji ba ɓoye-ɓoye: kai ka fara aikin nan, kada ka kunyata ni a gaban yara.

Fasto ya zo ya zauna a bakin tabarma, wai babur ɗinsa na waje. Na juya masa baya. Sai ya ce, "Baba, ranar tunawa ta matso. In ka kwanta wa zai kira sunayen?" Kowace shekara ni nake tsayawa in kira sunayen mu goma sha huɗun nan da ka, da ƙauyen kowa. Ni kaɗai na rage. Wayo yake yi mini, na gane shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gyaɗa na jiran cira, ni ina kwance. Na yi ta bitar sunayen kada zazzaɓi ya cinye mini su. Tanko na Mashi, Kande, Jatau. A kan Jatau na tsaya. Shi ma da katinsa, tare aka karanta da nawa. Ƙaya ya taka a gona, kafin shekara uku aka yanke ƙafar. A majami'a "Jatau mai waƙa" nake cewa. Ban taɓa faɗin ƙafar ba.

Sai kuma wani abu. Ranar sallama sistar asibitin ta ba kowannenmu daro, ta ce kullum da yamma a jiƙa ƙafa, a goge kanta, a shafa mai, kuma wani ya duba tafin, tunda mu ba ma ji. Matata Laraba ce ke yi mini. Shekara arba'in da tara, kafin addu'ar yamma, ta ɗora ƙafar a cinya tana mita: "Maigida, kofaton jaki ma ya fi ƙafar nan taka hankali." Ta cire ƙaya, ta cire tsakuwa, sau ɗaya har ƙusa. Sai mu yi addu'a mu ce amin. Ni duk a cikin addu'ar na lissafa shi.

Bara ta rasu. Daron na bayan ɗaki, kaji na shan ruwa a ciki.

Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na je Sandamu. Ba don maganar kowa ba, sunayen ne ba mai riƙe su. Fasto ya goya ni, tuƙin ma bai iya ba. Ashe tsinin kara na taka, tun girbin gero. Bai kai ƙashi ba. Allura, ƙwayoyi, kada in taka har sati shida. Na nuna wa likita katina, ya karanta ya ce, "Gaskiya ne, Baba, wancan ciwon ka warke tuntuni." Na ce ai na sani.

Maganar ƙoƙo ba ta mutu ba, zan tayar da ita a taron dattawa.

Na kori kajin, na wanke daron. Murjanatu ta ce za ta riƙa shigowa bayan la'asar. Yau ta sake ɗaurin mikin, ta jiƙa ɗaya ƙafar, ta ɗaga tafin tana dubawa tana mita, wai ko faso ban san in shafa wa mai ba. Da ta gama sai na ji bakina ya ce amin.

Ta ce, "Na'am, Baba?"

Na ce ba da ke nake ba.