Addu'ar da Inna Ta Kasa Faɗa Ita Kaɗai

Zuwa ga ƙanena Skalzang,

Gaisuwa mai yawa daga ƙauyenmu Sakti, nan cikin duwatsu, da fatan kana lafiya kai da iyalinka a birnin Dilli, zafin can bai gallabe ku ba. Mu dai ga mu nan. Maigidana Tundup yana bakin iyaka wajen aiki, sha'ir ya nuna a gona, ba mai yankansa.

Ka tambayi jikin Inna. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ƙafar ce ta dame ta ba, bakin ne. Ka san bakinta ba ya rabuwa da addu'ar nan tamu ta om mani peme hung, ko tana kaɗa shayin man shanu, ko tana zagin awaki. Yanzu leɓenta ba ya haɗuwa, om ɗin ma sai iska da yawu. Rannan ta yi jifa da carbinta har ya tsinke, na yini ina tsintar ƙwayoyin a ƙarƙashin murhu.

Na roƙi Kawu Ishe, malamin addininmu, ya sauko daga gidan ibada. Ya zauna gabanta, ya ce ta ja numfashi ta hanci, ta rufe baki a kan om sai ta ji haƙoranta na rawa, mani da peme ta sake su a hankali, hung kuwa daga ƙirji yake fitowa. Ya ce ko a zuci ta yi ya wadatar. Ta harare shi, da ƙyar na gane tana cewa shi da ke da baki har na cin tuwo biyu, dole ya ce haka. Amma da ta gwada, hung ɗin ya fito sarai.

To, haka muke yi yanzu. Ni nake faɗin farkon, ita ta ƙarasa. In na tashi ɗebo ruwa sai ta yi ta bugun gado, don tana tsoron mutuwa ta same ta da addu'a guntuwa. Muryata ta dushe, Skalzang. Har a gyangyaɗi bakina motsi yake. Kada ka aiko komai, kai nake so. Ka zo kafin ƙanƙara ta toshe hanya, ka karɓe ni ko na ɗan kwana biyu ne.

Ka gaida matarka Lanzes da 'yarka Deachen. Na tambayi Inna me zan rubuta maka, ta nuna tabarmar da ke gefen gadonta, inda take so ka zauna.

Yayarka,
Chuskit