Muryar Yaya a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, da fatan sanyin ƙasar taku bai sake kwantar da ƙaramin ba. Mu ma nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida. Baba yana nan yadda ka sani. Ƙafar da sauƙi, ido da kunne kuwa sai a hankali.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Da biro na rubuta, na ɗauki hotonsa na turo maka, saboda muryata ta dishe. Kuma ko ba ta dishe ba, kai a waya kullum ko za ka shiga aiki ne ko yanzu ka fito, ban taɓa kai ƙarshen magana da kai ba.

Saƙonka ya iso. Sifikoki biyu baƙaƙe, masu kyau, har da ledarsu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na ji daɗi har raina, don ba ka san abin da kiran nan naka na ranar Lahadi yake yi wa maƙogwarona ba. Tun safe ina aji ina ɗaga murya a kan 'yan firamare, in dawo gida in ɗaga wa Baba, sannan ranar hutun ma in zauna tsakaninku ina tafinta. Kai ka faɗa a hankali, ni in maimaita da ihu har maƙwabta su san yaronka ya fara haƙori. Shi kuma Baba ya ƙura wa allon kwamfutar ido ya ce yana ganin wani abu mai kama da kai yana motsa baki, amma muryar Auta yake ji. Ran nan cewa ya yi rabon da ya ji muryarka da kunnensa tun Umma tana da rai. Ban faɗa maka ba a lokacin, cewa na yi yana gaishe ka.

To amma Yaya, sifikokin nan sun ƙi magana. Ka ce a waya abu ne mai sauƙi, in soka wayarsu a koren ramin da ke jikin akwatin kwamfutar, shi ke nan. Ka manta ramin nan ya mutu. Tun ranar da Baba ya yi tuntuɓe da wayar abin kunnen nan na sauraren magana da ka aiko bara, tsinken bakinta ya karye a ciki, ya toshe shi. Na gwada ciro shi da allura, na gwada da abin cire gashin gira, ko gezau.

Sai na juya allon, na ga shi ma yana da ɗan rami a baya, an zana abin kunne a gefensa. Na yi murna na soka. Shiru kake ji. Na cire na hura na mayar, na murɗa ƙarar har ƙarshe, na kashe na kunna. Na shiga ƙarƙashin tebur da fitilar waya a baki, na fito da yanar gizo-gizo a ɗankwali. Duk wannan Baba yana zaune a bayana yana ba da umarni. Ka san tsohon kafinta, komai a wurinsa ƙusa ce ta saki. Har cewa ya yi in miƙo masa guduma ya ɗan taɓa shi.

Gobe in na tashi daga makaranta zan biya wurin mai gyara. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Taka ƙanwa,
Auta

Yayana,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan ka tashi lafiya, ya aiki, ya iyali? Mu dai alhamdu lillahi. Baba ya ɗan yi tari amma ya sha magani.

Albishirinka, sifikokin sun yi magana. Amma kafin su yi sai da suka ga bayan ƙafafuna.

Na je wurin mai gyaran nan na kusa da tashar mota, mai shagon da ba ka samun wurin taka ƙafa saboda matattun kwamfutoci. Na yi masa bayani, bai ko ɗago ba, ya tambaye ni wace irin waya ce ta haɗa akwatin da allon. Na ce waya ce dai baƙa. Ya ce in koma in duba kanta. Na koma gida na duba, na sake hawa mota na dawo na ce masa shuɗin kai gare ta, da noti biyu da ake murɗawa. Sai a nan ya dube ni, ya ce ai ko shekara zan yi ina sokawa ba zan ji komai ba, domin wannan wayar hoto kaɗai take ɗauka. Allon ba zai ba sifika abin da shi ma ba a ba shi ba. Ya miƙo mini wata mai siririn faffaɗan baki, ya ce ita ce take ɗauko hoto da sauti tare. Na ce don Allah me ya hana shi faɗin haka tun zuwan farko? Ya ce bai san wadda nake da ita ba. Gaskiyarsa ce kuwa.

Na dawo na canja waya, har yanzu shiru. Yaya, zama na yi a ƙasa na jingina da ƙafar tebur, ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Ba don sifika ba. Ga littattafan yara tuli ban duba ba, ga wankin Baba a jiƙe, ga tukunya a wuta, ni kuma ina ƙarƙashin tebur ina lallashin waya. Na kira mai gyaran, ya ce in danna ɗan hoton sifikar da ke can ƙasan allo, in zaɓi sunan allon a cikin jerin da zai fito. Wai ita kwamfutar har yanzu ta mataccen ramin can take tura sauti, sai an gaya mata ta canja hanya. Ina dannawa kuwa ɗakin ya ɗauka, sai da na zabura na bugi tebur da gwiwa.

Akwai abu ɗaya. Su ma sifikokin suna shan wuta, kuma wayar wutarsu gajera ce, ba ta kai kamu biyu ba. Soket ɗin bayan tebur ya cika. Wanda ya rage sai na bakin ƙofa, ƙarƙashin 'yar kantar nan da Baba ya kafa, inda kake jefa makullanka da hularka in ka shigo. Wayar sautin doguwa ce, don haka na bi da ita ta gindin bango, na ɗora su biyun a kan kantar. Sun zauna daram kamar don su aka auna katakon.

Na kunna wa Baba labarai don gwaji. Da ka ga fuskarsa! Ya karkata kai, ya ɗaga mini hannu wai in yi shiru, ni da ban ce komai ba. Da aka gama ya zauna yana musu da mai karanta labaran, ya ce duk ƙarya suke yi, tun yana saurayi haka suke faɗa. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

Ban gaya masa za ka kira ba, so nake ya ji kawai. Don Allah ranar Lahadi kada ka yi saurin nan naka. Ka yi masa sallama sosai, ka ja ta, yadda kake yi da.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ga kiranka, na ga saƙonninka, ban ɗaga ba ne don ban san ta inda zan fara ba. Baba lafiyarsa ƙalau, ka kwantar da hankalinka ta wannan wajen.

Ka ce kai kujera kawai ka gani babu kowa, kana ta magana kana zaton layi ne ya tsinke. Layi bai tsinke ba. Kyamarar da ke saman allon kujerar kaɗai take kallo, shi ya sa ba ka ga sauran ɗakin ba. Bari in gaya maka abin da ba ka gani ba.

Na zaunar da shi a gaban allon, ya sha shayinsa, yana ta mitar an tashe shi daga kishingiɗa. Ka kira, na danna, ka yi sallama yadda na roƙe ka. Ni ina kallon fuskarka a allon, don haka a wurina daga allon kake magana. Ban taɓa kawo wa raina cewa shi ba allon yake bi ba. Inuwa kawai yake gani a ciki. Kunnensa ya bi, kunnen kuma ya ce masa ɗansa yana bakin ƙofa, daidai inda ya saba tsayawa ya ajiye makulli.

Ya amsa sallamar da wata murya da na manta yana da ita. Ya miƙe, Yaya, ba sanda, mutumin da sai na kama shi yake tashi. Ya nufi ƙofa yana cewa in kawo ruwa, in karɓi jaka. Ina kiransa, ina cewa Baba ga shi nan a allo, amma muryata ta dishe, taka kuwa ta cika ɗakin kana tambaya ko yana jin ka. Ya buɗe ƙofa ya ce ka shigo mana, me kake yi a waje. Da bai ga kowa ba ya fita, ya bi lungu yana laluben bango har bakin titi, ba takalmi. A can na iske shi yana tambayar mai shagon kusa da mu ko ya ga inda ka yi da kaya, wataƙila ka koma sallamar mai tasi.

Na riƙo hannunsa muka dawo. Lokacin ka riga ka kashe. Na ɗora tafinsa a kan sifikar, na sa bakina a kunnensa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya shafa ta sama da ƙasa yadda yake shafa katako in yana neman inda bai yi sumul ba. Ya ce ya gane, akwati ne. Ya ce in yi haƙuri ya sa ni gudu. Bai ci abinci ba ranar.

Na san abin da za ka ce, a sayo doguwar waya a dawo da su kan tebur kusa da allon. Na riga ka. Na sayo, na dawo da su. Da ya lalubi kantar ya ji wayam, sai ya ce wa ya ɗauke? Ya sa na mayar da su yana tsaye. Ya ce nan ne wurinka, a bar ka a nan.

Ba ruɗewa ya yi ba, kada ka ce a kai shi asibiti. Ya san ranar da muke ciki, ya san maganinsa, jiya ma ya kama ni na sa masa sukari fiye da ƙima. Ya san ba ka zo ba. Amma tun ranar, da ya yi sallar asuba yake sa hula da rigar fita. Ya sa na fitar da katifar ɗakinka rana. Kujerar nan kuma da kansa ya ja ta, ya juya wa allon baya, ya fuskanci ƙofa. Ko ka kira yanzu ƙeyarsa za ka gani.

Yaya, na gaji. Ban taɓa faɗa maka haka kai tsaye ba, yau na faɗa. Ba na raina abin da kake aikowa. Ka aiko kwamfuta, ka aiko kyamara, ka aiko abin kunne, ka aiko sifika, kowanne na shiga ƙarƙashin tebur na haɗa shi. Na san hutu yana da wuyar samu a wurinku, na san tafiyar ba kusa ba ce, duk ka faɗa mini lokacin rasuwar Umma kuma na karɓa. Wannan karon ba ni da abin da zan haɗa kuma.

Na zare wayar da ke tsakanin allon da sifikokin, tana cikin jakar makarantata. Na gaya wa Baba ni na cire, bai tambaye ni dalili ba. Ba zan iya sake tsayawa ina kallonsa a bakin titi ba takalmi yana neman jakarka ba. In ka kira ranar Lahadi zan ɗaga a wayata, in ci gaba da yi muku tafinta da abin da ya rage na muryata.

Amma ka sani kunnen nan da muke cewa ya mutu ya gane ka tun kafin ka kai ƙarshen sallama. Ban san tsawon lokacin da zai ci gaba da ganewa ba. Ka nemi hutun nan. In ka iso kada ka kira ni daga tasha, kada ka ƙwanƙwasa. Ƙofar a buɗe take wuni, ya hana a sa sakata. Ka tsaya kusa da kantar ka yi sallama, yana nan zaune da hularsa.

Ka gaida Anti da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
Auta