Kujerar da Teofil Ya Zauna a Kai

Zuwa ga Bronka, fitilar gaɓar tekuna, iskar farko da nake shaƙa in mun taso daga ƙarƙashin ruwa, zumar bakina kuma barkonon idona.

Wasiƙarki ta same ni a nan Suwidin, inda ake tsare da mu da jirginmu mai nitso. Na sumbace ta, na karanta, sai abincin ranar ya gagare ni. Haba Bronka! Kujerar da ake bari ba kowa a teburin jajibirin Kirsimeti, wadda kika ce tawa ce, ashe Teofil mai ƙyafe kifi ne ya zauna a kanta? Kuma ki rubuto min hankalinki kwance, har da cewa ya yaba jar miyarki ya nemi ƙari!

Na sani, na sani, al'adarmu ce: baƙon da ya ƙwanƙwasa a wannan maraice ba a mayar da shi. Amma don Allah Teofil baƙo ne? Mutumin da tagarsa ke kallon taku? Duk faɗin garin Puck bai ga ƙofar da zai yi ɓatan kai a bakinta ba sai ta mahaifiyarki?

Kin tuna Kirsimetinmu na ƙarshe kafin yaƙi? Tauraron farko ya fito, kika shigo da ƙanƙara a gashinki, muka karya farin burodin nan mai sirantaka kamar takarda, kika sa min nawa a baki da hannunki. Kika ce ko teku ta riƙe ni, kujerar nan za ta jira ni. Da wannan maganar na nitse, da ita na taso.

Kin san aikina a jirgi sauraro ne. Na ji farfelar jiragen Jamus tana yawo a samanmu, na ji bama-bamai suna girgiza ƙarfe har fitilu suka mutu, zuciyata ba ta buga kamar yau ba. Yanzu an kwance mana makamai, tafkin da aka ajiye jirginmu ya daskare, shiru ko'ina, amma in na jingina kunne da jikin jirgi ba abin da nake ji sai ƙarar cokalin Teofil a farantina. Kishi nake yi, Bronka, kishi mai hana barci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wicek kukunmu ya ce in kwantar da hankali, wai wace mace za ta so mai warin hayaƙi, sannan ya shinshina ni ya ce to ni ma dai warin man inji nake yi. Saura kaɗan in kifa masa tukunya a ka.

Bari ki ji nawa. Mu ma mun bar kujera. Gunvor, yarinyar da ke kawo mana madara, ta ƙwanƙwasa cikin sanyi, samari suka yi caa za su zaunar da ita. Na riga su, na ɗora hulata a kai, na ce akwai mai ita. Shugaban aikinmu ya ce na kunyata ƙasarmu Poland gaban baƙuwa, ya ba ta tasa kujerar, ni kuma ya tura ni fasa ƙanƙarar da ke matse jirgi. Har yau tafin hannuna a tsage yake, kuma ban yi nadama ba.

Ga rabin farin burodina na sa miki a cikin wasiƙar nan. Ki ci ke kaɗai, rabin raina, kada ko ɓurɓushi ya faɗa hannun wani. Ban san ranar da za a sake mu ba, ba ni da abin ba ki sai jira, shi kuwa yana da kifi da wuta da ƙafafun da za su kawo shi ƙofarki. Abin da nake roƙo kaɗan ne: baɗi ki rataya tsohuwar rigata a bayan kujerar. In ya sake ƙwanƙwasawa ki zuba masa miya, ai ba a hana baƙo. Amma ya sha a tsaye.

Naki a saman ruwa da ƙarƙashinsa, har numfashi ya ƙare,
Alojzy