Wa Ke Datse Min Kan Wiwi?

Litinin, 3 ga Yuni
Wani ya shiga gonar wiwi. Layin bakin rafi duk an datse masa kai, an zubar da tohon a ƙasa. Ba barewa ba ce. Barewa ba ta yanka da tsabta haka. Almakashi ne.

Alhamis, 6 ga Yuni
Dwight maƙwabcinmu nake zargi. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, gonar ta dawo hannuna, yake shawagi a kanmu kamar ungulu. Rijiyarmu yake so. Yau a shagon taki ya tare ni, wai yaya tsoho, yaya shuka. Ina ruwansa da shukata?

Talata, 11 ga Yuni
An sake. Wannan karon ƙananan rassan gindi aka kwashe, da manyan ganyen da ke tare rana. Na sauya kwaɗon ƙofar gona. Amma me ya hana karenmu haushi?

Asabar, 15 ga Yuni
Ko dai ƙanena Curtis ne? Ya daɗe yana cewa mu sayar mu koma gari. Na tare shi da maganar, ya yi dariya, ya ce in da zai yi ɓarna ba zai tsaya yi min kwalliya ba. Dariyar ba ta kwanta min ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Na laɓe bayan tankin ruwa da sassafe, hazo bai washe ba.
Baba ne. Ta wata kafa a shinge ya shigo, yana jan ƙafa, almakashi a hannun hagu. Ni na hana shi gonar, likita ya ce kada ya faɗi. Ya daɗe yana duban shuka ɗaya kafin ya yanke. Da ya gan ni bai ɓoye almakashin ba. Da kyar maganar ta fito: "Kin bar su sun cunkushe, Lorna. Danshin hazon kaka zai ruɓar da su."
Na ce ya wuce mu je ya sha magani.

Jumma'a, 5 ga Yuli
Layin bakin rafi ya yi rassa bibbiyu, ya baje, iska na ratsa shi. Wataƙila albarkar ruwan wajen ce.
Na kai tsohuwar kujera tsakiyar gona. Don ni na kai, bayana na ciwo. Da rana na tarar da Baba a kai yana nuna min reshe da sanda. Na yanke inda ya nuna.
Dwight dai har yanzu ban yarda da shi ba.