Harafi Ɗaya, Karatu Biyu

Zuwa ga Mitsuru, yayyafin farkon bazara a kan rufina, furen da ke buɗewa mako guda ya bar mutum da kewar shekara, sanyin idona, ciwon kaina,

Ka ga yadda na buɗe wasiƙar nan? Ni da nake cin abinci da gyaran rubutun mutane, nake soke irin waɗannan kalmomi da jan biro tun safe har yamma, yau ga ni ina jera su da hannuna, kuma ban soke ko ɗaya ba. Ka auna da kanka inda ka kai ni.

Katinka ya iso ranar Talata. Kafin in zo kansa, bari in tuna maka abin da na san ba ka manta ba, don ni ma in ji shi da kunnena.

Shekara bakwai ke nan da dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasan da muke ciki tsakanin Sendai da Yamagata. Muna ɗalibai, ba mu san juna ba, kana da dunƙulen shinkafa biyu, ni ba ni da komai sai girman kai. Ka miƙo mini ɗaya, ka ce mu yi shiritori, wasan kama wutsiyar kalma, kafin a share hanya, amma ba irin na yara ba, da sunayen waƙoƙi kaɗai. Ka faɗi suna, in ɗauki sautinsa na ƙarshe in fara nawa da shi. Ba maimaici. Wanda ya kawo sunan da ya ƙare da n ya faɗi, tunda harshenmu ba shi da kalmar da ke farawa da n. Da na ce sunana Shion, sai ka dafe kai ka ce, “Wannan suna ai kashe wasa yake yi. Zan yanke masa wutsiya.” Daga ranar na zama Shio, gishiri, ka ce ya dace da bakina. Na ce naka ma ba abin alfahari ba ne, da ru ya ƙare, sautin da duk ɗan wasa ke gudu don kalmominsa ba su da yawa. Aka share hanya, jirgi ya tashi, wasa bai ƙare ba. Ya kai ƙanƙarar da ta narke a tafin hannuna, wa ya ce maka lokacin ƙarewarsa ya yi?

Shekara uku da suka wuce, da ciwo ya kwantar da mahaifinka ka koma Matsue ka karɓi shagon awararsa, wasan ya koma kati. Suna ɗaya a kati ɗaya, ba gaisuwa, ba ƙorafi. Ka ce in biyo ka. Na ce ban yi digiri biyu don in tashi da asuba ina tace waken suya ba. Ka yi dariya, na ɗauka dariya ce. Bara ka sake tambaya, da ƙananan baƙaƙe a ƙasan kati, ni kuma na amsa maka da sunan waƙa kawai. Na iya wannan. Duk abin da ya fi ƙarfina sai in mai da shi abin ba'a, in wuce ina jin na yi wayo.

Amma ka san abin da mai wayon nan take yi a ɓoye? Kai mugu, kullum ru kake jefo mini. Sai na sayi ɗan littafi mai koren bango na shiga farauta. Na bi shagunan tsofaffin faya-fayai, na zauna gaban rediyo da biro kamar mai ɗaukar darasi, na karanta kundin waƙoƙin gidajen karaoke, inda ake biya a rera waƙa, har masu aiki suna kallona. Waƙa sittin da uku na tara, duk masu farawa da ru. Na kashe hamsin da biyu a kanka. Goma sha ɗaya suna nan a jere, suna jiran ka sake zaluntata. Wasu matan suna tara kayan ɗaki, ni wannan na tara. Yanzu me zan yi da su? In rera wa bango?

A katina na ƙarshe na ba ka sunan da ya ƙare da sautin ka. Ka dawo mini da Kawa no, sannan harafi guda na rubutun Sin, tsirara, babu ɗan bayanin furucin da ka saba rubutawa a gefe don ka san halina. Harafin nan karatu biyu gare shi, kai ma ka sani. In an ce fuchi, sunan waƙar Bakin Kogi ke nan, ni kuma in nemo mai farawa da chi, mu ci gaba. In an ce en, igiyar nan ce da ke ɗaure mutum biyu tun kafin su san juna, kuma da n ta ƙare. Dubi rashin tausayin harshenmu! Kalmar da ke nufin haɗuwa ita ce ke rufe wasa.

Kwana biyu ina cewa fuchi ne. A na uku na kai katin wurin Baba Kuwabara, mai shagon faya-fayai da ke bayan tasha, wanda rabin littafina daga akwatunansa ya fito. Ya daɗe yana tono kafin ya zaro faifan, na wata mawaƙiya da ta rasu kafin a haife mu. Ya hure ƙura, ya ɗora. Sau uku ta faɗa a cikin amshi, Mitsuru. En, en, en, tana jan sa kamar ba ta son saki. Tsohon ya ɗage allura, ya dubi katin, bai dube ni ba, ya ce, “'Yar nan, kunnena ya tsufa. Ni dai fuchi na ji.” Na ce ni ma haka na ji, Baba. Muka yi wa juna ƙarya cikin ladabi, ya haɗa mini shayi, na sha yana ƙona ni.

Kai ba ka kuskure. Shekara bakwai ko sau ɗaya ba ka yi tuntuɓe da n ba, ko ranar da kake fama da zazzaɓi. To a ƙa'ida kai ka faɗi, ni na ci. Kaico! Wace irin nasara ce ke hana mutum haɗiye abinci? Ka zaɓi ka faɗi don kada ka ce mini na ɓata maka shekaru uku, ka bar mini ƙofa don kada in ji kunya. Har a sallama ka fi ni kirki, kuma wannan ne ba zan yafe maka ba.

Ya kai tafkin Matsue da ban je na gani ba, ya kai hazon safiyar garinku da na ƙi tashi in tarba, saurara. Na tambayi yadda ake jiƙa waken suya. Awa nawa a sanyi, awa nawa a zafi, na rubuta, na haddace. Na san ta yiwu na makara, na san amsar da ta yi shekara uku a hanya ba amsa ba ce. Duk da haka, a cikin ambulan nan za ka tarar da kati. Na karanta fuchi, da gangan, ido buɗe, ni da ake biya don in kama kuskuren karatu. Sunan waƙar da na rubuta da chi ya fara, da ru ya ƙare. Karo na farko ke nan da na jefa maka shi. Kuma don kada ka ce ka nema ka rasa, na haɗa da koren littafin. Goma sha ɗaya ne, na yi musu alama da ja. Zaɓi ɗaya kawai za ka yi.

In kuwa en kake nufi har zuci, kada ka ɓuya a bayan harafin Sin. Rubuto shi da baƙaƙen da yara ke fara koya, in gani, in daina duba akwatin wasiƙa sau huɗu a yini. Ko ka rubuto, ba zan sake wasan nan da kowa ba. Littafin ya tafi wurinka, ban bar wa kaina ko ru ɗaya ba.

Taka, muddin akwai sautin da ya rage a bakina,

Shio

Wutsiyar sunana, n ɗin nan, tana hannunka tun cikin jirgi. Kai kaɗai ke iya mayar mini da ita.