Ƙanin Mijina Ya Saci Muryata Yana Tallar Jabun Maganin Kaji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, ina tsoron abin da zuciya za ta sa ni.

Ni matar aure ce a Ɗanzomo, kiwon kaji da zabi ne sana'ata, har mata kan zo tambayata in kajinsu sun fara zawo. Kwanaki malamin dabbobi daga Gumel ya ba ni maganin tsutsar cikin kaji, ya yi min aiki sosai, sai na tura saƙon murya a gurup ɗin danginmu ina yaba shi. Ashe ƙanin mijina, mai idon cin naira, ya kwashi muryar nan, ya yanke inda na faɗi sunan maganin, ya zuba a lasifikar babur ɗinsa. Ya dama wani jan ruwa a robobi, Allah kaɗai ya san mene ne, ya manna takarda wai sha ɗaya yake kashe tsutsa, wai har hukuma ta yi masa rajista. Ƙarya tsagwaronta! Kasuwar Maigatari, ƙauyuka, rugage, ba inda bai zaga ba, muryata na tashi ina rantsuwa na gwada.

Mutane suka saya don sun san ni, kaji suka dinga zubewa. Wata dattijuwar Bafulatana da nake sayen nono a wurinta ta zo har tsakar gidana ta juye min matattun zabinta, ta ce ta bar ni da Allah, ta juya. Wallahi gara ta zage ni.

Yanzu masu kiwon sun haɗu sun kai ƙara, an kama robobin, lauyansu yana so in je kotu a Gumel in shaida cewa sace muryar aka yi. Da na tari marar kunyar, dariya ya yi, wai wasan ƙanin miji ne. Surukata ta ce don Allah kaji ne fa suka mutu, ba mutane ba. Shi kuwa maigidan, da ko ƙwai ɗaya bai taɓa saya a gidan nan ba, ya ce in na taka kotu, daga can in wuce gidan ubana.

In na yi shiru, gari ya gama yarda tare muka ci, ko gidan suna na shiga sai hira ta tsaya. In na je, auren da 'ya'ya huɗu fa?

Ku gaya min, in je ko in zauna? Masu cewa in yi haƙuri kar ku wahalar da yatsunku, na kai wa tsohuwar nan haƙurin har rugarsu, ba ta karɓa ba.